Mako shida ina gwajin injin ƙa'idojin ONAP

Aikin da aka ba ni a baki gajere ne. Wani kamfanin waya da muke yi wa kwangila yana so ya ga ko na'urorinsa za su iya gyara kansu idan matsala ta taso cikin dare, ba sai an tashi injiniya daga barci ba. Ogana ya kira ni ofis ya ce, "Injiniya, ka ɗauko ONAP ka gwada mana ɓangaren ƙa'idojinsa. Mako biyu ya ishe ka ko?" Na ce ya isa, Yallaɓai. Mako shida na yi. Yawancin kwanakin da suka ƙaru sun tafi ne a kan abubuwan da mutum ɗaya zai iya gaya mini cikin minti biyar, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, ONAP manhaja ce ta kowa da kowa ta sarrafa netwok ɗin kamfanonin waya, da aka kafa a 2017 ƙarƙashin gidauniyar Linux, bayan an haɗe ECOMP ta kamfanin AT&T na Amurka da wata mai suna OPEN-O. Kusan kowace fitowa tata sunan birni ake ba ta, ana bin haruffa a jere: Amsterdam, Beijing, Casablanca, Dublin, El Alto, Frankfurt. Mu Guilin muka yi aiki da ita, wadda ta fito a ƙarshen 2020. A Guilin ɗin, abin da ake kira da'irar gyara-kai, wato matakan da ake bi na'ura ta gyaru ba da hannun mutum ba, kamar ɗakin jinya yake. Na'ura tana aika ma'auninta a kai a kai zuwa wani sashe mai suna DCAE, shi ne nas mai riƙe da ma'aunin zafi. Idan adadi ya wuce iyakar da aka sa, sai ya jefa saƙo mai tambarin ONSET, wato ciwo ya tashi. Injin ƙa'idoji shi ne likita: ya duba katin mara lafiya a rajistar kayan aiki da ake kira A&AI, ya nemi izinin mai gadi, sannan ya umarci APPC ko SO, sassan da ke aiwatar da umarni a kan na'ura, su ba da magani, ya zauna jiran amsa. A lokacin, yawancin saƙonnin nan ta wata hanyar aika saƙo mai suna DMaaP suke bi, wadda a ƙarƙashinta manhajar Kafka ce ke aiki. Nawa aikin shi ne in tabbatar likitan nan ba zai kashe mara lafiya ba.

Tashar farko ita ce ofishin masu kula da kwamfutoci na kamfaninmu, inda ake neman saba, wato babbar kwamfutar da za a ɗora manhajar a kanta. Fom ne mai shafi biyu da ke buƙatar sa hannun mutum uku: ogana, akanta, da shugaban sashen. Na buɗe takardun ONAP na ga cikakkiyarta tana neman RAM sama da gigabait 200, na kwafe haka na zuba a fom. Mutumin da ya karɓa ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, ka san abin da ka rubuta kuwa? Duk ginin nan babu mai wannan." Aka ce in jira. Da na ga kwana huɗu sun wuce shiru, sai gaggawa ta ɗebe ni na yi hayar saba a intanet da katin bankina, irin wadda ake biya da dala kowace awa. Ranar Juma'a na tashi masallaci ban kashe ta ba, daga can na wuce gida. Da safiyar Litinin na tarar da lissafin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na albashina. Na kai rasit wurin akanta, ta ce ba a mayar da kuɗin da ba a rubuta amincewarsa kafin a kashe ba, kuma gaskiyarta ce. A kwana na tara aka ba ni saba mai gigabait 64. Abin takaicin, a ranar ne na gano ban ma buƙaci cikakkiyar ONAP ba. A lokacin masu sashen ƙa'idoji suna da nasu kunshin na Docker, mai ɗauke da kowane sashe a cikin kwantenarsa, da ke tayar da rumbun bayanai na MariaDB, da API, da PAP, da injinan yanke hukunci, tare da 'yan kwaikwayo da ke tsayawa a madadin A&AI da SO da sauransu. Kwamfutar cinyata mai gigabait 16 ta ɗauke su, da ɗan nishi dai. Sauke kwantenonin ne kawai ya ci yini guda, don intanet ɗin ofis yana yankewa duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta.

Daga nan na shiga rubuta ƙa'ida. Na ɗauki misalin katangar tsaro da ke zuwa da manhajar, vFirewall, don shi ne mafi sauƙi. Akwai na'urar da ke ƙirƙiro fakitoci tana turawa ta katangar. Idan adadinsu ya kai 700 ko ya faɗo zuwa 300 sai a yi ƙara, injin kuma ya umarci APPC da ModifyConfig a mayar da magudanan fakiti zuwa 5, abin da ke dawo da adadin wajen 500. Na tura ƙa'idar zuwa API ta ƙofa 6969, aka amsa mini da 200, lambar da ke nufin an karɓa lafiya, na ce alhamdu lillahi an gama. Ashe ajiya kawai na yi. API ma'aji ne, yana karɓar ƙa'ida ya sa a kabad. Wanda ke ɗaukar ta ya kai wa injin shi ne PAP, kuma sai ka sake aika masa buƙata ta daban. Injinan ma uku ne a Guilin, kowanne da irin abincinsa: Drools ke ɗaukar ƙa'idar aiki irin tawa, XACML ke riƙe da ƙa'idojin mai gadi, sai APEX wanda Ericsson ta kawo, shi ban taɓa shi ba sam. Kafin ka tura komai, ka tambayi PAP halin da injinan suke ciki. Idan ka ga PASSIVE, injin yana raye amma ya naɗe hannu, sai ya koma ACTIVE zai karɓi aiki. Rabin yini na ɓata kafin in lura da wannan kalma guda.

Sai ranar jefa saƙon farko. Tunda babu DCAE na gaske, ni na zama nas: na rubuta saƙon ONSET da hannu, na cusa shi ta ƙofa 9696, wadda ita ce tagar leƙen cikin Drools. Na zuba ido a kan tashar POLICY-CL-MGT inda injin ke sanar da duk matakin da ya ɗauka. Shiru. Na sake, shiru. Babu kuskure, babu ƙorafi, kamar ka yi sallama a kango. Kwana biyu ina sake tayar da kwantenoni, ina zargin DMaaP, har na fara zargin sabar da aka ba ni. A daren na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ajiye fayil biyu gefe da gefe ina bi da yatsa a kan allo harafi bayan harafi. Sunan da'irar, wanda ake rubutawa a closedLoopControlName, dogo ne mai jelar lambobi da haruffa, kuma wajen kwafa na yanke harafin ƙarshe. Injin ba ya ɗaukar saƙon da sunansa bai yi daidai da na wata ƙa'ida da yake riƙe da ita ba, ya ɗauka na wani ne. Da na san ta tagar 9696 ɗin nan ana iya ganin abubuwan da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, har da ainihin sunan da yake jira, da minti goma sun wadatar. Na gyara, sai kuma ya ƙi saƙon saboda a gurbin requestID, wato lambar buƙata, na rubuta "gwaji-1", alhali doguwar lamba ce mai tsari na musamman da ake kira UUID ake so. Wannan dai da sauƙi.

Da saƙon ya shiga sai na ga ACTIVE, na ga OPERATION, umarnin ModifyConfig kuma ya bayyana a tashar APPC-CL yana jiran amsa. A nan na yi abin da har yau abokan aikina ke tsokana ta da shi. Samfurin amsar da na samu yana ɗauke da lamba 400 a gefen kalmar SUCCESS. Duk wanda ya yi aikin yanar gizo ya san 400 na nufin buƙatarka ta lalace, 200 ce lafiya lau. Na ce lallai wani ya yi tuntuɓen alƙalami, na "gyara" ta zuwa 200 na tura. Injin ya ce aiki ya faɗi. Na sake, ya sake faɗi. Ashe APPC nasa lissafin daban ne: 100 an karɓa ana kan aiki, 200 kuskure, 300 an ƙi, 400 ita ce nasara. Na mayar da 400, na tabbatar lambar buƙata da ƙaramar lambar da ke ƙarƙashinta sun yi daidai da waɗanda injin ya aiko, na tura. FINAL: SUCCESS ta fito. Na ɗauki hoton allon na aika wa ogana ana kiran sallar la'asar. Cikin kwana uku na bi da sauran misalan biyu, na vDNS inda SO ke ƙara sabuwar na'ura idan cunkoso ya yi yawa, da na vCPE inda ake sake kunna na'ura, duk suka ba da nasara. Na rubuta rahoto mai shafi takwas cike da hotuna masu kyau.

Zaman duba rahoton a ofishin kamfanin wayar aka yi. Mun jira fiye da awa ɗaya a falo da katin baƙi a wuya kafin a shigar da mu. Wadda ke shugabantar sashen kula da netwok ɗinsu wata dattijuwar injiniya ce da kowa ke kira Hajiya. Ta juya shafukan ba ta ce komai ba, sannan ta ce in buɗe mata fayil ɗin ƙa'idar kansa a allo. Ta miƙe ta nuna layuka shida da ke ƙasan umarnin: success, failure, failure_timeout, failure_retries, failure_exception, failure_guard. Ta ce, "Ɗana, ƙofa nawa ka gani a nan?" Na ce shida, Hajiya. Ta ce, "Ta nawa ka bi?" Ban amsa ba, don amsar tana cikin rahotona, shafi takwas duk ƙofa ɗaya. Ta ce 'yan kwaikwayon da na yi gwaji da su 'yan amshi ne, duk abin da na rera shi za su maimaita. Ta ba mu labarin wani dare, shekaru da suka wuce, da wata 'yar manhaja da suka rubuta ta yi ta sake kunna na'ura ɗaya har gari ya waye, saboda ƙarar ba ta daina zuwa ba kuma babu abin da zai ce mata ya isa. Na'urar da a da take aiki da ɗingishi, sai ta zama ba ta aiki gaba ɗaya. "Ni da'irar da ta ƙi aiki ba ta hana ni barci," in ji ta, "wadda ba ta san tsayawa ba nake tsoro." Na fito kunya ta rufe ni. A mota ogana bai yi faɗa ba, ya ce kawai in ɗauki wasu makonni biyu.

Waɗannan makonni biyun su ne gwajin na gaskiya. Na fara da wa'adi: na jefa ONSET na ƙi ba da amsar APPC, na zauna ina kallon agogo. A nan na fahimci wa'adi biyu ne a ƙa'idar, ɗaya na kowane umarni, ɗaya na da'irar dukanta. Idan ka ce a sake gwadawa sau uku, kowane gwaji da nasa wa'adin, amma jimillarsu ta zarce wa'adin da'irar, to za a yanke ta a tsakiya ba ta kai gwajin ƙarshe ba. Lissafin firamare ne, amma ban yi shi ba sai da na gani da idona. Don kada in yi ta zaman minti ashirin a kowane gwaji, na rage wa'adin zuwa daƙiƙoƙi a wani kwafi na daban, na sa masa suna da manyan haruffa don kar wata rana ya ɓace ya shiga aikin gaske. Sai kwaɗo: idan injin yana aiki a kan wata na'ura yakan kulle ta, na aika ƙara ta biyu a kan na'urar da sabuwar lambar buƙata, aka ƙi ta kamar yadda ya kamata. Sai katin A&AI, inda abu biyu ke hana injin taɓa na'ura: idan an sa is-closed-loop-disabled ya zama gaskiya, ko kuma prov-status ba ACTIVE ba ne. Na farkon shi ne allon "ana gyara" da injiniya ke ratayawa kafin ya sa hannu a na'ura, don kada injin ya sake kunna ta yana tsakiyar aiki. Duka biyun sun yi daidai.

Mai gadi ne ya ba ni wuya. Na rubuta ƙa'idar taƙaita maimaici, FrequencyLimiter, na ce kada a sake kunna na'ura ɗaya fiye da sau ɗaya cikin minti goma. PAP ya kai wa XACML ita lafiya. Na yi gwaji na farko ya wuce, na yi na biyu nan take ina jiran a hana, sai na ga Permit. Na uku Permit. Sau bakwai na sake kunna na'urar bogi cikin kwata na awa, mai gadi yana ɗaga mini hannu. Jikina ya yi sanyi, don wannan shi ne daren da Hajiya ta ba da labari, kuma da rahotona na farko ya wuce da haka za a kai shi. Kwana uku na yi ina bi. Yadda abin yake, mai gadin ba ya ƙirga komai da kansa. Drools ne ke rubuta duk aikin da ya yi a wani tebur na tarihi, operationshistory, shi kuma XACML ya leƙa teburin ya ƙirga. Na buɗe teburin na tarar da shi fayau, ko layi ɗaya babu. Mako guda kafin nan, sashen tsaro ya ce a sauya duk kalmomin sirrin da manhajar ta zo da su, na sauya na rumbun bayanai, na gyara a ko'ina amma na tsallake wurin da Drools ke amfani da shi wajen rubuta tarihi. Ƙorafin yana nan a rajistar kurakurai tun ranar, ni ne ban buɗe ta ba saboda komai yana ba da nasara. Mai gadi ya ƙirga sifili, ya ce bismilla. Haka kuma idan sunan umarnin da ka rubuta a ƙa'idar gadi bai dace da na ƙa'idar aiki ba, babu dokar da ta hau kan buƙatar, izini za a bayar. Da na gyara na ga Deny ta farko, da'irar ta fita ta ƙofar failure_guard, na fi murna da ita fiye da nasarar da na aika wa oga hotonta.

Tasha ta ƙarshe ita ce ɗakin gwajin kamfanin wayar, mai DCAE da A&AI da APPC na gaske. Shiga can sai da takardar neman sauyi, wadda kwamiti ke dubawa sau ɗaya a mako. A zaman farko aka dawo da tamu saboda babu bayanin yadda za a janye idan abu ya ɓaci, mako guda ya tafi a banza. Abin da suke so layi uku ne: yadda za a cire ƙa'idar daga injin ta PAP, yadda za a rataya allon hana taɓawa a A&AI, da lambar wanda za a kira. Sashen tsaronsu kuma ya nemi jerin adireshi da ƙofofin da za a buɗe a katangarsu, a takarda ta daban mai sa hannun ogana. Aka ba mu daga sha biyun dare zuwa huɗun asuba. Ɗakin sanyi ƙarara kamar cikin firji, na manta ban zo da rigar sanyi ba, wani matashin injiniyansu ya ara mini tasa ya kawo shayi a fulas. Awar farko ta tafi a kan abin da 'yan amshi suka ɓoye mini: ɗan kwaikwayon A&AI yakan ba da amsa ga kusan duk sunan da ka tambaye shi, na gasken kuwa ya ce bai san na'urar ba, don sunan da take aikowa da shi ya bambanta da wanda aka yi mata rajista da shi. Muka daidaita. Wajen ƙarfe biyu muka buɗe magudanan fakiti zuwa 10, layin da ke allo ya haura 700, ƙara ta fito da kanta ba da hannuna ba, bayan ɗan lokaci layin ya sauko ya kwanta a 500. Sannan muka toshe hanyar APPC da gangan muka sake buɗe magudanan. Wannan karon ƙararrakin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sabuwar lamba, tunda ciwon bai sauka ba. Kwaɗo ya tare na tsakiya, wa'adi ya cika, da'irar ta rufe da faɗuwa, ta gaba kuma mai gadi ya hana ta. Matashin ya kira Hajiya a waya, ashe ba ta kwanta ba. Ta ce a karanta mata layukan yadda suke, aka karanta, ta ce to madalla, mu tafi mu yi sallar asuba a gida.

Wanda zai bi wannan hanya bayana, ya fara da ƙaramin kunshin Docker a kwamfutarsa, ya shigar da fom ɗin saba da takardar neman sauyi tun makon farko don su riƙa tafiya yana aiki. Ya buɗe taga uku a allo koyaushe: tashar sanarwa, rajistar kurakurai, da teburin tarihi, ya riƙa bin lambar buƙata ɗaya daga shigarta har fitarta. Kafin ya rubuta gwaji ko ɗaya, ya zana tebur mai layi shida ga kowane umarni, kada ya kai rahoto sai kowane layi yana da hoton da ke nuna da'irar ta fita ta nan. Mai gadi kuwa ba a cewa an gwada shi sai an ga ya hana. Sabar haya ma a sa mata lokacin kashe kanta.

Rahoto na biyu shafi biyar ne, yawancinsa hotunan faɗuwa. Hajiya ta sa hannu, ta ƙara da biro a ƙasan shafin ƙarshe cewa a fara da umarni ɗaya tak a kan rukunin na'urori ɗaya, injiniyan dare kuma ya ci gaba da kwana da wayarsa a kunne har wata uku. Rigar sanyin matashin nan tana bayan kujerata har yanzu, kullum sai in ce gobe zan mayar masa.